Daga Garwashi Zuwa Rediyo: Tarihin Aikatau na Haske a Harshen Ingilishi

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman kalmar Ingilishi da za ta zauna a gurbin "haskaka" ko "ƙyalli" zai tarar da tarin aikatau: shine, glow, gleam, glimmer, glitter, glisten, beam, radiate, emit, emanate, exude. Da yawa kan ɗauka duk abu ɗaya suke nufi, sai su zaɓi wadda ta fi tsawo don burge malami. Kalmomin nan kuwa ba haihuwar zamani ɗaya ba ne, kuma wanda ya san lokacin da kowace ta shigo harshen ya kusa sanin muhallin da ta dace da shi.

Mafi daɗewa su ne waɗanda ƙabilun Angul da Sakson suka ƙetaro da su daga arewacin Jamus da Danmak zuwa tsibirin Birtaniya tun daga ƙarni na 5. A Tsohon Ingilishi akwai scinan, kakar shine, da glowan, kakar glow. Ta farko ta rana ce da wata da takobin da ya sha wasa. Ta biyu ta garwashi ce da ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta, wato haske mai tafe da ɗumi ba tare da harshen wuta ba. Shekara fiye da dubu ba ta goge wannan bambanci ba. Ita kuwa beam a can farko itace take nufi, kamar 'yar uwarta Baum a Jamusancin yau, sannan ta zama azarar gini. Ana kyautata zaton ta samu ma'anar haske ne ta hanyar fassara, inda aka yi amfani da ita a madadin kalmar Latin mai nufin ginshiƙin haske a rubuce-rubucen addini.

Abin da ya fi jan hankali a wannan tsohon rukuni shi ne yadda kalmomi da dama ke farawa da gl. Masana tarihin harshe suna mayar da mafi yawansu ga wani tsohon tushe guda mai ma'anar sheƙi, wanda daga gare shi ne gold da yellow da glass suka fito. Har glad, wadda yau take nufin farin ciki, a da tana ɗauke da ma'anar mai haske. Duk da zumuncin, kowace na da fagenta. Gleam sheƙin abu ne mai tsabta, kamar tasar da aka goge da toka. Glisten sheƙin jiƙaƙƙen abu ne, kamar goshin manomi da tsakar rana. Glimmer haske ne mai rauni da ke kamawa yana saki, irin na acibalbal daga nesa, shi ya sa ake ara ta wajen maganar ɗan fatan da ya rage. Glitter ƙyalƙyali ne na ƙananan walƙiya masu yawa, kuma ana danganta ta da glitra ta harshen mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka mamaye gabashi da arewacin Ingila a ƙarni na 9. Ta taɓa yin kishiya, glister, wadda Shakespeare ya yi amfani da ita a The Merchant of Venice cikin karin maganar da ke cewa ba duk mai ƙyalli ne zinariya ba. Daga baya glitter ta ƙwace karin maganar, kishiyar kuma ta kusa ɓacewa. A 1930 masanin harshe J. R. Firth ya ba irin wannan haɗuwar sauti da ma'ana suna na musamman. Ba doka ba ce dai: glue da glove ba su haska komai.

Rukuni na biyu ta ƙofar littafi ya shigo. Cin Ingila da Normawa suka yi a 1066 ya kawo kalmomin Faransanci masu yawa, ciki har da ray, zaren haske. Amma aikatau irin su exude da emit da radiate sai a ƙarni na 16 da na 17 suka bayyana, lokacin da malamai ke ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin don rubuta likitanci da falsafa da kimiyya. Ba kowa ya yi maraba da su ba. Sir John Cheke na Jami'ar Cambridge yana cikin waɗanda suka soki yawan aron, suna ganin harshen zai iya dogaro da abin da ya gada.

Masu aron suna da hujjarsu. Tsofaffin kalmomin suna bayyana abin da ido ya gani, alhali mai bincike yana son kalmar da za ta nuna fitar abu daga tushensa, ko ido ya gani ko bai gani ba. Emittere a Latin aikawa waje ne. Emanare ɓulɓulowa ce, kamar ruwa daga idon marmaro. Exsudare kuwa yin gumi ne. Radiare kaɗai ke da alaƙa da haske tun asali, daga radius, wato sandar da ke tashi daga tsakiyar ƙafar keke zuwa bakinta. Saboda haka emit ta dace da haske da zafi da hayaƙi da ƙara baki ɗaya, kuma Isaac Newton ya yi aiki da ita a littafinsa Opticks na 1704, wanda ya rubuta da Ingilishi. Zuriyar radius ta ci gaba da yaɗuwa: Marie da Pierre Curie sun raɗa wa sinadarin da suka gano a 1898 suna radium, kuma daga wannan tushe ne radio ta fito, wadda ta zama rediyo a bakin Bahaushe. Ɗalibin Nijar da ya yi karatu da Faransanci yana da sauƙi a nan, domin ya riga ya san émettre da émaner da rayonner. Wahalarsa tana wajen gajerun kalmomin gl, inda Faransanci ba zai agaza masa ba.

Da aka zo maganar hali da ɗabi'a, rukunan biyu duk sun yi ƙaura daga fitila zuwa fuskar mutum, kamar yadda Hausa ke cewa fuska na annuri. Uwa kan yi beam da murna, amarya kan yi glow, dattijo mai sakin fuska kan yi radiate da kirki. Sai dai kowace ta taho da ƙamshin asalinta. Emanate ta fi son a sa abin da ke fitowa a matsayin mai aikin, a bi shi da from, kamar dai ruwan ne ke fita daga marmaro. Exude kuma, wadda aka fi haɗawa da yarda da kai da kwarjini, tana nuna halin da ke tsattsafowa a hankali daga dukkan jiki, ba tare da mai shi ya yi niyya ba. Likitoci da masana tsirrai har yau da ita suke kwatanta ruwan da ke tsattsafowa daga gyambo da ƙaron da ke fita daga jikin itace.