Kuɗin Ɗinki a Ƙasar Ruma: Daga Damin Gero Zuwa Kafin Alƙalami

Kafin keken ɗinki ya zama ruwan dare a Batsari da Safana, allura da zare ne ke tufatar da mutane. Auduga ake nomawa, mata su kaɗa, masaƙa su saƙa ƙyallaye sirara, maɗinki ya zauna a zaure ya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya har su zama riga. Yawancin masu wannan aiki malamai ne da manyan almajirai, waɗanda ke ɗinka hula ko su yi wa babbar riga aska biyu ko aska takwas tsakanin karatu da karatu. Riga guda takan ɗauki watanni. Dattawan da suka koya mana sana'a sun ce a wancan zamani ba kasafai ake yanke farashi ba. Mai riga ya san nauyin aikin, maɗinki ya san ƙarfin mai riga, in kaka ta yi sai a aiko da damin gero ko ɗan akuya, ko a haɗa da 'yan sulalla.

Da kekuna suka shigo, Singer da farko, daga baya Butterfly ta ƙasar Sin wadda ta fi araha, sai ga wani sabon mutum a kasuwa: tela. Ya kafa kekensa a rumfa ranar Alhamis a kasuwar Batsari, mutumin Wagini ko na Ruma ya sayi yadi da hantsi, ya miƙa masa, ya shiga cinikinsa, kafin la'asar ya dawo ya karɓi 'yar shara da wando. Nan aka fara ciniki na gaske a kan ɗinki, da "albarka" da "na sallama", domin mai kayan baƙo ne, ba lalle a sake ganinsa ba sai wani makon. A 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, amma tsofaffin teloli sun daɗe suna lissafi da fam, suna ce wa naira biyu fam guda. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa har ya rasu bai daina ba.

A cikin gari kuwa, tsohuwar al'ada ba ta saki tela ba. Maƙwabci ko suruki ko abokin mahaifinka ya kawo ɗinki, kunya ba za ta bari ka faɗi kuɗi ba. Ka ce, "Baba, ai ba komai, a kawo abin da ya sauwaƙa." Shi kuma ya ce, "Allah ya yi albarka." A ganina rabin rigingimun da ake yi a shagunanmu daga wannan kalma suka samo asali. Abin da ya sauwaƙa a zuciyar mai kaya daban, wanda tela ya ƙudurce daban, ba wanda ya furta nasa, sai ranar karɓa kowa ya ɓata fuska. A lokacin da zare da maɓalli ba su da tsada, ana iya haɗiye wannan. Masaƙun Kaduna da na Kano da ta Funtua suna aiki, yadi na samuwa, dillalai na ɗauko shi daga Kantin Kwari. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta fara zubewa, masaƙu suka yi ta rufewa, komai na shago ya koma na waje. Tun daga nan kunyar faɗin farashi ta fara cin uwar kuɗin tela.

Shi kansa aikin ya sauya. Shadda ta shigo da ƙarfinta, ga Getzner ta ƙasar Austiriya wadda kuskuren almakashi guda a kanta zai iya cinye ribar wata. Injin surfani ya zo, daga baya na kwamfuta, wanda galibi sai an aika da wuyan riga Katsina ko Dutsin-Ma a yi aikin a dawo da shi. Mata suka shiga sana'ar sosai daga cikin gidajensu, ga atamfa, ga leshi, ga ankon biki. Mai kawo ɗinki yana ganin awa biyun da aka yi a kan keke ne kawai. Ba ya ganin shafi da gam da zif, da gawayin guga, da man janareta, da kuɗin motar kai aiki birni, da abincin yaran shago, da hayar ɗaki. Telan da bai iya lissafa waɗannan ba yakan yi shekara yana aiki dare da rana, allurar kekensa ta karye ya rasa na sayen wata.

Masu wuyar sha'ani kuwa kowane shago ya san su. Akwai mai kawo yadi huɗu ya ce a fitar masa da abin da sai yadi biyar, in an kasa ya ce an sace masa ƙyalle. Akwai mai nuna hoto a waya, ɗinkin da aka yi wa wani jiki da wani irin yadi, ya ce haka yake so ba ragi ba ƙari. Akwai mai zuwa saura kwana uku Sallah, ya haɗa ka da Allah da Annabi. Wanda ya fi ciwo shi ne mai karɓar kaya ya ce "zan aiko yaro", ka gan shi a filin Idi sanye da guminka, ya ɗaga maka hannu. Sai dai gaskiya ɗaya ce, sunan da teloli suka yi na saɓa alkawari ba ƙage ba ne. Kwaɗayin azumi kan sa a karɓi aikin da ya fi ƙarfin shago, a bar yaro yana kuka safiyar Sallah babu sabuwar riga. Mutumin da aka taɓa yi wa haka, ba abin mamaki ba ne ya zo shago na gaba da zargi a bakinsa.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da abin da magabatanmu ba su gani ba. 'Yan bindigar dajin Rugu sun hana noma a ƙauyuka da dama, kuma manomi shi ne babban mai kawo ɗinki a wannan ƙasa. Mutanen da a da suke ɗinka wa iyalinsu kala biyu sun dawo cikin gari gudun hijira. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita sayar da fetur. Sai tela ya rasa yadda zai kira mai kaya, ya rasa man tayar da inji. Farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya biyo baya. A watan Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki.

Wannan matsi ne ya koya wa matasan teloli abin da kunya ta hana iyayen gidansu. Yanzu a shaguna da yawa akwai littafi: suna, awo, irin ɗinki, kuɗin da aka yi, ranar karɓa. Ana auna yadi a gaban mai shi, a karɓi kafin alƙalami kafin almakashi ya taɓa shi, a rufe karɓar ɗinkin Sallah tun tsakiyar azumi. Wasu dattawa na kallon hakan a matsayin rashin kara. Ni ina goyon bayansa, domin na ga zumuncin da ya mutu a kan kuɗin riga guda da ba a faɗa ba. Littafin bai hana tela ya ɗinka wa marayun unguwa kyauta ba, ko ya ɗaga wa matar da aka kashe mijinta a gona ƙafa har ta samu, kuma ana yin hakan a Runka da Batsari kowace Sallah. Alhajin da ya sayi shadda mai tsada kuwa, ana faɗa masa kuɗin aikinsa a fili tun kafin a ɗauki awonsa.