Daga fiyano zuwa kwamfuta: manhajojin haɗa kiɗa da matsalolinsu a ƙasar Kazaure

Mafi yawan waƙoƙin siyasa da ke tashi daga lasifikan motocin yaƙin neman zaɓe a yau, ko a tashar Kazaure ko a ranar kasuwa a Babura, Roni da Gwiwa, a cikin kwamfuta aka ƙera su. Babu ayarin makaɗa a bayansu. Mutum ɗaya ne ya zauna gaban allo ya jera ganga, ya ɗora fiyano, sannan mawaƙi da 'yan amshi suka shigar da murya. Abin da ya yi aikin da shi shi ake kira manhajar haɗa kiɗa, wato manhajar da ke jera sautuka layi-layi bisa ma'aunin lokaci, ta kuma gauraya su su zama waƙa guda.

Abu biyu manhajar ke sarrafawa, kuma wanda bai bambance su ba zai sha wahala wajen gano matsala. Na farko sauti ne da aka ɗauka da makirfo, kamar muryar mawaƙi. Na biyu shi ne MIDI, ƙa'idar da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da ita a 1983. MIDI ba sauti ba ne, umarni ne kawai: a danna wannan maɓalli, da wannan ƙarfi, na tsawon kaza. Sai an miƙa umarnin ga wani abin kiɗa, na cikin kwamfuta ko fiyanon da aka jona mata, kafin kunne ya ji wani abu.

Yadda aka zo nan

Kiɗan zamani na Hausa daga fiyano ya faro, musamman samfurin PSR na kamfanin Yamaha, wanda sutudiyoyin Kano irin su Iyan-Tama suka yi aiki da shi a shekarun 1990. Waƙoƙin fina-finai kamar Sangaya suka yaɗa salon da aka sani da nanaye, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan wannan sauyi. Da kwamfuta ta yi araha, sai fiyano ya koma mai ba da umarni, ita kuma ta karɓi ɗauka da gyara.

Shekaru da dama, matashin da ke da waƙa a bakinsa a ƙasar Kazaure sai ya yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Kano, ya biya kuɗin sutudiyo a Zoo Road ko wata unguwa, ya jira layi. Amma Kazaure gari ne da ya daɗe da sanin kwamfuta. Akwai Cibiyar Fasahar Sadarwa ta jiha da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, ɗan garin, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Matasan da suka iya kwamfuta ba su yi ƙaranci ba, abin da ke ƙaranci shi ne wuta da kuɗin saye.

Lamarin ya wuce nishaɗi. Tun zamanin NEPU da NPC waƙa take makami a siyasar Arewa, kuma kowa ya ga rawar da waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara suka taka a zaɓen 2015. Manyan mawaƙa na masu manyan aljihu ne. Ɗan takarar kansila, ko ƙungiyar matasa da ke son yin magana kan hanyar ƙauyensu ko asibitin da babu magani, ba su da irin wannan kuɗi. Kwamfutar ɗaka ce ta ba su baki. Kuma bakin yana da haɗari: a 2009 an kama Aminu Ala a Kano bisa zargin sakin waƙa ba tare da izinin hukumar tace fina-finai ta jihar ba.

Wace manhaja?

Sunaye biyu aka fi ji a sutudiyoyin Arewa, FL Studio da Cubase. FL Studio ta kamfanin Image-Line ce da ke Beljiyam, ta fito a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003. Ƙarfinta yana wajen jera ganga da zana karin kiɗa da linzamin kwamfuta, ko da mutum ba shi da fiyano. Wanda ya saye ta sau ɗaya yana samun sababbin fitowa kyauta har abada. Sai dai akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Ta gwaji tana bari a adana aiki, amma ba ta sake buɗe shi sai an biya. Mafi araha daga cikin na sayarwa kuwa, mai suna Fruity, ba ta ɗaukar murya, don haka ba ta da amfani ga mai waƙa. Daga Producer zuwa sama ake buƙata.

Cubase ta girme ta. Kamfanin Steinberg na birnin Hambog a Jamus ya fitar da ita a 1989, kuma tun kusan 2005 kamfanin ya koma hannun Yamaha. Ta fi dacewa da wanda ya iya buga fiyano da hannu, da kuma ɗaukar muryoyi masu yawa, irin waƙar da ke da jagora da amshi kashi-kashi. Ta fi nauyi a kan kwamfuta, kuma kowane babban sabuntawa kuɗi ne.

Akwai ta uku da ba a cika ambata ba, alhali ita ta fi dacewa da halin da ake ciki a nan. Reaper, ta kamfanin Cockos, ƙarama ce ƙwarai wajen saukewa, tana gudu a tsohuwar kwamfuta, tana ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rage mata komai ba, lasisinta kuma dala 60 ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Aibinta shi ne ba ta zuwa da kayan kiɗa masu yawa, sai an nemo, kuma masu koyar da ita a kusa kaɗan ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar da maƙwabci ya iya ta fi wadda ta fi ta inganci amma babu mai nuna wa mutum hanya in ya maƙale. Daga cikin na kyauta, LMMS tana jera kiɗa amma ba ta ɗaukar murya, Audacity tana ɗaukar murya amma ba ta jera kiɗa. Logic Pro sai kwamfutocin Apple.

Gaskiyar da kowa ya sani ita ce da yawa daga cikin manhajojin da ke yawo a filas fasassu ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan sauya tsarin canji a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, wato dala 60 ta zama kusan naira 90,000. Amma fasasshiyar manhaja tana da nata farashin. Sau da yawa tana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta, ba a iya sabunta ta, kuma idan ta fara rufewa da kanta babu inda za a kai kuka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta kare manhajojin kwamfuta kamar yadda ta kare waƙa. Mawaƙin da ke kukan masu tura waƙoƙinsa a waya ba tare da biya ba, kuma yana aiki da manhajar sata, dokarsu ɗaya da waɗanda yake kuka da su.

Kwamfuta da wuta

Ga mai sayen kwamfuta ta hannu a Beirut Road ko wani wuri, RAM gigabait 8 shi ne ƙasa, kuma sauya tsohon faifan ajiya da SSD ya fi kowane gyara tasiri. A kuma duba ko za ta ɗauki Windows 11, domin Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Lafiyar batir ta kai lafiyar injin muhimmanci. Inda wutar KEDCO ke zuwa ta ɗauke ba sallama, batir shi ne ke tsakanin mutum da asarar aikin yini guda. A kunna adanawa ta kai-tsaye a saitin manhajar, kowane minti biyar.

Zafi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kwamfuta tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe mata fanka. Aikin da ya tafi lafiya da safe sai ya fara kakkarewa da azahar. Kafin a zargi manhaja, a buɗe a share fanka.

Jinkiri, kakkarewa da gurnani

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne jinkiri: a danna fiyano ko a yi magana a makirfo, sai sautin ya iso kunne a makare. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tana tara shi ne a 'yar ma'ajiya da ake kira bafa, ta aika shi dunƙule. A ma'aunin ɗauka na 44,100 a daƙiƙa, bafa mai 128 tana jawo jinkirin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, mai 512 kusan 12, mai 2,048 kusan 46, wanda ya isa ya rikita kowane mawaƙi. Idan kuma aka rage ta fiye da ƙarfin injin, sai sauti ya riƙa tsagewa yana kakkarewa. Maganin shi ne a rage ta lokacin ɗaukar murya, a ƙara ta lokacin gauraya. A Windows dole a zaɓi direban ASIO, wanda Steinberg ta ƙirƙiro. Na akwatin sauti na waje, irin su Focusrite ko Behringer, shi ya fi. In babu, ASIO4ALL na kyauta yana rage zafi.

Gurnanin da ke bin bayan murya yawanci daga wuta yake. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma janareto, inbata mai araha ko caja marar kyau suna shigar da ƙara cikin waya. Gwajin mai sauƙi ne: a zare caja, a bar kwamfuta kan batir. Idan gurnanin ya ɓace, an gano mai laifi, sai a riƙa ɗaukar murya a kan batir.

Idan waƙa ta fito da sauri kuma murya ta yi siriri, ma'aunin ɗauka ne ya saɓa. Abin da aka ɗauka a 44,100 aka kunna a 48,000 yana ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Masu haɗa bidiyo da 48,000 suke aiki, don haka gara a yi shawara da su tun farko. Idan kuwa layin MIDI yana motsi amma babu sauti, ba a ɗora masa abin kiɗa ba ne. Manhajar da ke rufewa da zarar an buɗe wani aiki kuma, sau da yawa wata tsohuwar ƙaramar manhajar ƙari ce mai bit 32 ke kayar da ita. Cubase ta daina karɓar irin waɗannan tun fitowa ta 9 a 2016.

Inda manhaja ba ta jin Hausa

Matsala mafi zurfi ba ta inji ba ce. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan kiɗan Turai da Amurka. Jerin kayan kiɗa 128 na General MIDI, wanda aka tsara a 1991, yana da sitar da shanai na Indiya, yana da koto na Japan, amma babu kalangu, babu algaita, babu kukuma, babu gurmin da Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kiɗan sutudiyo ya fi saurin karkata ga Indiya.

Kalangu ya fi ba da wuya. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, muryar gangar ta hau ta sauka tana bin karin harshe, shi ya sa ake cewa yana magana. Bugu ɗaya da aka ɗauka aka riƙa maimaitawa ba zai yi wannan ba, sai dai a lanƙwasa sautin da hannu, ko, abin da ya fi, a gayyato makaɗi na gaske a ɗauke shi. A ƙasar Kazaure masu kalangu ba su ƙare ba, kuma wannan fifiko ne da ɗakin matashi a Roni yake da shi a kan sutudiyon Landan.

Haka ma lokaci. Manhaja tana buɗewa ne da ma'aunin bugu huɗu, alhali kiɗan gargajiya da yawa uku-uku yake tafiya. Idan aka bar ta ta daidaita bugun zuwa ga layukanta na huɗu-huɗu, sai rausayar ta mutu. A sauya layukan zuwa uku-uku, ko a sassauta daidaitawar.

Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ta zama kamar gishiri a waƙar Hausa. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma idan aka matsa gyaran murya har ƙarshe, kalmomi kan dushe. A waƙar soyayya ana iya yafewa. A waƙar siyasa, inda saƙo ne jari, asara ce. Don haka kafin a saki waƙa a saurare ta a ƙaramar waya da lasifika guda, domin a nan za a ji ta, ba a manyan lasifikan sutudiyo ba.

Wa ya mallaki aikin?

Fayil ɗin MP3 da ake turawa ta WhatsApp ba shi ne asalin aiki ba. Asalin shi ne fayil ɗin manhajar tare da duk muryoyin da ke cikinsa, kuma wanda ke riƙe da shi yana iya cire sunan ɗan takara ya sa na wani, ko ya sayar da kiɗan ga abokin hamayya. A ƙasar da sauya sheƙa ba baƙon abu ba ne, wannan tambaya ce ta gaske. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka, miƙa haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ya kamata mawaƙi, mai haɗa kiɗa da wanda ya ba da kwangila su rubuta ko wa ke da waƙar, wa ke da kiɗan, da kuma ko an yarda a sake amfani da shi. Dokar Zaɓe kuma ta hana kalaman zagi da ka iya taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe, kuma sanya su cikin kiɗa bai wanke su ba.

Shi kuwa fayil ɗin, a adana shi dunƙule tare da sautukansa, kwafi ɗaya a faifai na daban. Sautin WAV yana cin kusan megabait 10 a kowane minti, don haka waƙa mai minti takwas da layukan murya goma tana iya kai ɗaruruwan megabait.