Labarin Kisan Gaske Cikin Salon Ƙagaggen Labari

Wannan nau'in rubutu ne da ke ba da labarin kisan kai da ya faru, amma da dabarun ƙagaggen labari: zance tsakanin mutane, siffanta wuri, da jan rai. Truman Capote na Amurka ya shahara da shi a littafinsa In Cold Blood (1966), kan kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya a Holcomb, jihar Kansas, a 1959. Masu suka na cewa ana mayar da jinin mutane abin nishaɗi, kuma suna da hujja, domin Capote ƙirƙirar fage na ƙarshe na littafin ya yi. Sai dai laifin na ƙarin gishirin ne, shi kansa salon yana sa mai karatu ya ji zafin rashin da jarida ke taƙaitawa. Don haka marubucin Hausa da zai bi wannan salo, a Kano yake ko a Gumel, wajibi ne ya tsaya kan abin da kotu da shaidu suka tabbatar.