Yadda Littattafan Koyon Shaɗaranji Suka Samo Asali

Tun Turawa ba su gama sanin allon shaɗaranji ba, wato darar da ake kira chess a yau, aka riga aka rubuta littattafai a kansa a Bagadaza. Wasan ya taso daga Indiya, ya biyo ta Farisa, ya sauka a fadar halifofin Abbasiyawa. A can al-Adli ya rubuta littafinsa wajen shekarar 840, as-Suli da ya rasu wajen 946 ya biyo baya. Abin da ya fi cika littattafansu shi ne mansubat: a jera 'ya'yan wasa kamar an kusa tashi, a ce nemo hanyar da za ka kama sarki. As-Suli ya bar wata matsala da ya bugi ƙirji cewa ba mai kwance ta, kuma ta shafe fiye da shekara dubu kafin gwanin Rasha, Yuri Averbakh, ya gano bakin zarenta.

Ta Andalus wasan ya shiga Turai. Littafin da Sarki Alfonso na 10 ya sa aka kammala a 1283 na ɗauke da irin waɗannan matsaloli 103. Sai dokoki suka sauya a ƙarshen ƙarni na 15: wazirin da ke tafiya gida ɗaya a karkace ya zama sarauniya mai ratsa allo, kamar yadda littafin Lucena na 1497 ya nuna.

A ganina, mutumin da ya fi cancantar godiyar masu koyo shi ne Philidor, mai tsara kiɗa ɗan Faransa. Littafinsa na 1749 ya tsaya yana bayyana dalilin motsi, musamman na ƙananan dakarun da kowa ke rainawa. Daga nan littafi ya zama malami.

Wannan turbar Capablanca na Kuba ya bi a Chess Fundamentals, a 1921, shekarar da ya zama zakaran duniya. Ya soma da ƙarshen wasa, inda 'ya'ya ba su da yawa. Irving Chernev kuwa, a Logical Chess: Move by Move na 1957, ya ɗauki wasanni 33 ya yi bayanin kowane motsi. Da shi nake so sabon shiga ya fara: ya shimfiɗa allo, ya rufe layi na gaba da hannu, ya zaɓi nasa motsin kafin ya duba. My System na Nimzowitsch, na 1925, a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari.