Mai Garaya da Goɗiya: Tarihin Rawar Bori a Ƙasar Katsina

Tun daga shekarar 1807, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina da tutar Shehu Usmanu, zuriyar sarakunan Haɓe kuma suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, bori ya rasa gindin zama a fada, ya koma karkara irin ta Dutsin-Ma da Kurfi, inda ya ci gaba da rayuwa a bayan danga. Hukuncin malamai a kansa sananne ne, shirka ce, ba kuwa nufinmu mu yi jayayya da shi ba. Sai dai tarihin kiɗan ƙasar nan ba ya cika in an tsallake wannan babi.

Abin lura shi ne alaƙar mai rawa da makaɗansa. Mai garaya yana zaune, masu kaɗa buta na bayansa, kowane iska kuwa da takensa da kirarinsa, don haka da farko makaɗi ne ke kira. Amma da zarar an ce iska ya hau dokinsa, wato mai rawar, ko goɗiyarsa in mace ce, sai al'amari ya juya, makaɗi ya zuba ido ga ƙafa da kafaɗa, ya tsananta in an zabura, ya sassauta in an lafa. Cikin iskokin, Malam Alhaji zama yake yi da carbi yana tari irin na tsufa. Ɗan Galadima taƙama da kyauta. Sarkin Rafi kuwa tsalle yake ya faɗo zaune daɓas, wanda ake kira jifa, kuma wajibi ne kiɗa ya sauka tare da shi. Sai an yi atishawa a ce iska ya tafi.

Irin wannan hikima tana can tsibirin Bali na Indunusiya, inda a rawar Baris mai rawa guda ke ba mai ganga ishara da motsi, shi kuma ya juya dukan taron makaɗan gamelan. Su sun ɗauki nasu a faifai, sun kafa masa makarantu. Namu kuwa marubuci Tremearne ya yi rubutu a kansa a 1914, marubuci Besmer kuma a 1983 bisa abin da ya gani a Kano.

Muna roƙon masanan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su nemi tsofaffin masu garaya, su naɗi takensu domin ilmi, tun suna da rai.