Tarbiyyar 'yan hipi da goyon Afirka ta Yamma

'Yan hipi matasa ne na Amurka da Turai da suka bijire wa tsarin rayuwar iyayensu a shekarun 1960. Sun ƙi yaƙin Biyetnam, suka bar suma, wasu suka tare a karkara suna zaman taro. Da suka fara haihuwa, sai bijirewar ta kai ɗakin jego. A lokacin an saba ba jariri madarar kwalba bisa agogo, a kwantar da shi shi kaɗai. A farkon shekarun 1970, kusan uwa ɗaya cikin huɗu ce kawai ke fara shayar da nono a Amurka.

Sabbin iyayen suka juya wa wannan baya. A 1971 wata tawaga ta kafa matsugunin The Farm a jihar Tenesi, inda ungozoma Ina May Gaskin ta farfaɗo da haihuwa a gida. Shayarwa duk lokacin da jariri ya nema, kwana da shi a shimfiɗa ɗaya, da raino na haɗin gwiwa suka zama alamar tafiyar.

Wani sashe na wannan ilimi daga Afirka ta Yamma ya tafi. Ann Moore, ma'aikaciyar jinya ta Peace Corps, ta yi aiki a Togo, maƙwabciyar Gana, ta ga yadda yaran da ake goyawa ke natsuwa. Da ta koma gida, ita da mahaifiyarta suka ɗinka jakar goyo mai suna Snugli, aka yi mata rajistar ƙirƙira a 1969.

Abin da ya zama juyin juya hali a Amurka, a Tamale da ke arewacin Gana al'ada ce ta yau da kullum. Dagomba da Hausawan zango suna goyo da zane da majanyi, suna shayarwa har yaye. Rainon taro kuwa yana da tsari tun kaka da kakanni: gwaggo kan ɗauki 'yar ɗan'uwanta riƙo, kamar yadda Christine Oppong ta bayyana a littafinta kan tasowar yara a Dagbon, ƙasar Dagomba, a 1973. Bambancin shi ne riƙon Dagbon na tafiya da ladabi, gaisuwa da horon aiki, su kuwa 'yan hipi sun fi sakar wa yaro mara.

Tasirin ya sake dawowa Afirka ta Yamma ta hanyar doka. Yayin da iyayen Amurka ke komawa ga nono, kamfanoni na tallar madarar gwangwani a ƙasashen da tsaftataccen ruwa ke wuya, jarirai na mutuwa da gudawa. A 1977 masu fafutuka a Amurka suka ƙaurace wa kayan Nestlé, ɗaya daga cikin kamfanonin. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar tallar madarar jarirai, sannan a 2000 Gana ta kafa dokar L.I. 1667, wadda ta hana tallar madarar da raba ta kyauta ga masu jego a asibitocin ƙasar, har da na Tamale.