Kuɗin Ruwa da Ma'aikacin da ke Kwance: Nazarin Manufar Birtaniya daga 2021 zuwa 2024

A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da aka yi shekara 41 ba a gani ba. Babban Bankin Ingila ya ɗauko makamin da ya saba riƙewa. Daga Disambar 2021 zuwa Agustan 2023 ya ƙara kuɗin ruwa sau 14 a jere, daga kashi 0.1 har zuwa 5.25. Hujjar wannan maƙala ita ce, kaso mai yawa na waccan tsada ya taso ne daga ƙarancin kaya da ƙarancin masu aiki, alhali kuɗin ruwa an ƙirƙiro shi ne domin rage yawan saye. An bar jaki ana dukan taiki.

Ɓangaren makamashi a fili yake. Farashin iskar gas ya fara tashi tun 2021 da masana'antu suka farfaɗo bayan kullen korona, har Ofgem, hukumar kula da makamashi, ta ɗaga iyakar kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida da kashi 54 a Afrilun 2022, zuwa fam 1,971 a shekara. Mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022 ta sake dagula kasuwar. Iyakar da aka tsara wa Oktoba ta kai fam 3,549, sai gwamnati ta sa baki ta tsayar da ita a fam 2,500. Babu wani ƙarin kuɗin ruwa a Landan da zai buɗe bututun gas da aka rufe a gabashin Turai.

Abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne lafiyar ma'aikata. A tsakiyar 2022 guraben aikin da babu masu cike su sun kai kimanin miliyan 1.3. A daidai lokacin ne adadin waɗanda suka bar aiki saboda doguwar rashin lafiya yake hawa, daga kimanin miliyan 2.1 a 2019 zuwa kimanin miliyan 2.8 a ƙarshen 2023. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta bayyana a Maris na 2023 cewa mutum miliyan 1.9 sun ce korona ba ta sake su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan larura tun Oktoban 2021: alamomin da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a samu wani dalili nasu ba. A duba yadda take a jikin mai aikin kula da tsofaffi. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta tafi, amma matakala goma kan sa ta tsaya tana haki. Ta yi ƙarfin hali ta koma aiki Litinin da Talata, Laraba ta kasa ɗaga kai daga matashi. Sunan maganin da ta shekara tana bai wa mai jinya ya ɓace mata a baki. Irin wannan ma'aikaciya ba ta warke ba, ba ta kuma kwanta gaba ɗaya ba, tsarin hutun rashin lafiya kuwa an gina shi ne a kan ɗayan biyun. Kuɗin jinya da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki a 2023 fam 109.40 ne a mako, a lokacin ba a biyan kwana uku na farko, kuma yana ƙarewa bayan mako 28.

Ba duka miliyan 2.8 ɗin korona ta kwantar ba, wannan gaskiya ne. Ciwon baya da gaɓoɓi da matsalolin ƙwaƙwalwa suna da babban rabo. Sai dai su ma annobar ta shafe su ta wata hanya, domin jerin jiran magani a asibitocin gwamnati na Ingila ya tashi daga kimanin miliyan 4.6 a farkon 2020 zuwa fiye da miliyan 7.7 a Satumbar 2023. Direban da ke jiran tiyatar ƙugu tsawon shekara ba ya tuƙa mota, kamfani kuma dole ya ƙara albashi don samun madadinsa, ƙarin ya koma kan farashin kaya.

Masu kare bankin suna da hujja mai ƙarfi. Gwamnati ta ɗora masa riƙe hauhawa a kashi 2, ba shi da asibiti, kuma da ya yi shiru mutane za su saba da tsada su riƙa sa ta cikin kowane ciniki. Na yarda da wannan. Laifin yana wuyan gwamnati da ta bar masa ɗawainiyar shi kaɗai. Fam miliyan 10 aka fara warewa a Oktoban 2020 don asibitocin waɗanda korona ba ta sake su ba a Ingila, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da abin da iyalai suka biya na ƙarin ruwan bashin gida. Hauhawar ta sauko zuwa kashi 2 a Mayun 2024, galibi saboda gas ya yi sauƙi, amma marasa lafiyar suna nan inda suke.

Wannan batu ya taɓa Najeriya kai tsaye. Giɓin ma'aikatan jinya a Birtaniya ana cike wani ɓangarensa da ma'aikatan da asibitocin Najeriya suka horar. Babban Bankin Najeriya ma ya bi hanya ɗaya, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa 27.5 a Nuwambar 2024, amma hauhawa ta kai 34.8 a Disambar wannan shekara, saboda cire tallafin mai, faɗuwar naira da rashin tsaro a gonaki. Birtaniya aƙalla tana ƙirga marasa lafiyarta. A Najeriya, tun da hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auni a 2023, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki, don haka ɗan dakon da rashin lafiya ta rage masa kwanakin fita daga shida zuwa biyu ba zai bayyana a alƙaluman rashin aikin yi ba.